Nisan da Keke Ya Ɓoye Mini

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Wagga takarda ta fito daga Tungar Dutsi, daga hannun mahaifinka, zuwa ga Magaji, a Lolo, gidan surukansa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kun sauka lafiya kai da matarka Atine, ba faci ba faɗuwa. Ka gaishe mini da surukinka da mutanen gidansa duka, ka ce na gode da karɓar da suka yi muku. Mu nan lafiya lau. Na ce mu ne don hannu ya saba, amma ni ne da awaki.

Bayan haka, saƙonka ya iso ta bakin mai goron nan da ke bi ta nan ranar Laraba. Ya ce surukinka ya nuna maka fili a bayan gidansa, ya kuma samo maka rumfa a bakin kasuwa inda za ka riƙa gyaran kekuna. Ya ce kai kuma ranka yana nan dutse, kana so bayan girbi ka dawo da Atine ka yi gini a saman gangaren da ke gabas da ɗakina. Wai kana neman shawarata, ko Lolo ko dutse. Na yi mamaki, domin ranar da za ku tafi na ba ka ita tun ba ka tambaya ba. Na ce in har ka zaɓi zama cikin laka da sauro, kada ka sake hawo mini da kekenka nan. Ka ɗaure kayanka a kariyar keke, ita kuma ta durƙusa ta yi mini sallama tana kallon ƙasa. Yau kwana goma sha biyu maganar tana cina. Ka shafe ta. Bakina ne, ka san shi, kullum yana riga hankalina isa wuri.

Kai ɗan fari ne. Ban taɓa zaunar da kai mun yi magana irin ta mutum da mutum ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. To, takarda ba ta san kunya ba, ita za ta faɗi abin da ban iya faɗa ido da ido. Rubutun kuma ka yi haƙuri da shi. Ba wanda ya koya mini boko. A jikin gwangwani da guntayen jaridar da ake naɗo kayan keke a ciki na tsinci baƙaƙen, ɗaya bayan ɗaya, ina tare duk mai karatun da ya biyo hanya har ya gaji da ni. In ka ga kuskure, kada ka kai wa 'yan elementare su yi dariya.

Ba zan ce ka daina son daji ba. Wa ya koya maka? Tun ƙafarka ba ta kai feda ba nake ɗora ka a gabana mu gangara ta cikin kaɗanyun nan, zabi suna tashi daga ƙarƙashin taya, kana ihu in ƙara. Na san abin da kake ji in ka hau can sama bayan an ɗauke ruwa, ƙasa tana ƙamshi, ka hango hayaƙin Kaoje ta nan, ka hango dajin ƙasar Dahome ta can, babu mahaluƙi sai burtu biyu suna tafiyarsu ta manya. Mutumin gari ba zai gane ba ko ka shekara kana yi masa bayani, zai ce ai duwatsu ne da ƙaya. Ban cika arba'in ba, a kasuwa har yanzu wasu suna ɗauka ni yayanka ne, kuma gobe in muka jera a gangaren nan sai ka sha ƙurata. Saboda haka ba tsoho ne ke maka magana don gwiwarsa ta gaji ba. Wanda ya fi ka haukan abin ne.

Ga kuskurena na farko. Kana jin ana cewa neman ƙasar noma ne ya fitar da ni daga Kaoje. Ƙarya ce, kuma ni na ƙirƙire ta. Ina cikin waɗanda suka fara mallakar keke a unguwarmu, ina fataucin gishiri da man kaɗe a kansa. Al'ada ita ce duk mai keke in ya iso gindin ceɗiyar da dattawa ke zama a ƙofar mai unguwa, sai ya sauka, ya cire takalmi, ya tura har ya wuce, ya gaishe su a tsugune. Ceɗiyar kuwa tana daidai gindin hawa. In ka sauka a nan da kaya, ka rasa gudun da ka ɗebo, sai turi har sama. Ran nan na zo da buhu biyu na gishiri, na ce yau kam ba zan sauka ba. Na buga ƙararrawa, na ɗaga musu hannu kamar wani joji, na wuce.

Washegari aka kira ni. Ba zagina aka yi ba. Wani dattijo ne ya ce, cikin lallashi, ƙarfe ba ya ɗaga yaro sama da gemun ubansa. Da na ce a gafarce ni, da an tashi ana dariya. Sai na ce in suna son gaisuwa su kwashe tabarminsu daga gindin hawa su mayar da su sama, a can kowa ma sauka yake yi don ya gaji. Wana ya tashi ya mare ni a gaban kowa, ya ce in durƙusa. Na ƙi. Kafin wata ya mutu na kwashi innarka, kai kana goye, na bar garin.

To, ka ji. Kada ka zaɓi wurin zama ranka a ɓace. Wanda ya gudu daga mutane ba ya duba inda yake sa ƙafa, bayansa yake kallo don ya ga ko sun ji zafi. Ba su ji ba. Sun ci gaba da zamansu a inuwa. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: dutsen kake so, ko zama ƙarƙashin idon suruki ne ba ka so? In na biyun ne, wannan girman kai ne, kuma na san inda ka gado shi.

Na biyu shi ne babba, ka karanta shi sau biyu.

Wanga wuri a kan keke na same shi, da kaka, ina dawowa daga Segbana ta ƙasar Dahome. Ciyawa ta fara ja, hanya ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, ga idon ruwa a gindin gangare. Na koma na gaya wa innarka na samo mana wuri. Ta tambaye ni ruwa, na ce nan kusa. Ta tambayi kasuwa, na ce nan kusa. Ta tambayi maƙwabta, na ce ga rugar Fulani nan kusa, Kaoje ma kanta in ka sallame asuba, kafin hantsi ka isa. Wallahi ban yi niyyar yi mata ƙarya ba. A wurina gaskiya ce. Abin da ban lissafa ba shi ne ita ba ta hawa keke. Kaojen da nake isa kafin hantsi, ita sai azahar ta gota. Idon ruwan da nake sauka kafin in gama karanta Fatiha, ita sau uku take hawo shi a yini, tulu a kai, kai a baya. Rugar kuma da rani ya yi tashi take, ba a sake ganin mace sai an yi shuka.

Ka san ban taɓa ɗebo mata ruwa a kariya ba? Gudun kada a ce namiji yana ɗiban ruwa. Wa zai ce? Birai ne kaɗai ke kallona.

Kullum da safe in hau in tafi. In ci kasuwa, in yi musu da mutane, in ji labarin duniya, in zagi wanda zan zaga, in dawo da la'asar ina cewa kai, ba abin da ya fi daji kwanciyar rai. Ita kuwa tun fitata ba ta ji muryar babban mutum ba. In na shigo sai ta yi ta tambayata wa na gani, wa ta haihu, yaya gero a kasuwa, ni kuma in ce ta cika surutu, na gaji. Daga baya ta daina tambaya. Na ɗauka ta saba.

A shekararmu ta biyar a nan, da bazara, ƙarfen gaban kekena ya karye a kan dutse. Sai da aka aika Birnin Kabi, na fi wata ina jira. Lokacin innarka tana da tsohon ciki, tilas na ɗauki tulu. Sau biyu na huta kafin in kai sama, kuma rabin ruwan a rigata ya ƙare. Na taka Kaoje da ƙafa sau ɗaya, na isa ƙafata a kumbure, na rasa sallar Juma'a. Ran nan na san abin da na yi mata. Na sani sarai. Amma ban ce mata komai ba, domin in na faɗa sai in ce mu koma gari, in kuma na koma sai na wuce ta gindin ceɗiya. Da ƙarfen ya iso na ɗaura, na hau, iska ta bugi fuskata, na mance.

Shawarata a nan ba ta da wuya, sai dai ba za ka so ta ba. Duk inda ka yi niyyar zama, ka jingine keken. Ka ɗauki tulu cikakke ka tako daga ruwa zuwa inda za ka sa ƙofa. Ka taka zuwa gidan mace mafi kusa wadda matarka za ta iya shiga ta ari wuta ko ta yi kuka. Ka taka zuwa gidan ungozoma, da masallacin Juma'a, da inda ake niƙa. Ka yi shi da rana tsaka, ba da sanyin safiya ba. Nisan da ƙafarka ta gaya maka, shi ne nisan gidanka. Wanda keke ya gaya maka naka ne kai kaɗai, kuma ba kai kaɗai za ka zauna ba.

Na uku. Mutanen da, in mutum yana son kafa tunga, ba ya haƙa tushe sai ya ci damina ɗaya a wurin, a bukka ko a gidan wani na kusa, ya ga inda ruwa ke bi da inda yake kwana. Jodi, tsohon Bafillacen nan da kake tunawa yana kawo mana nono, shi ya gaya mini haka tun ranar da ya gan ni ina sassabe. Ya nuna mini rafin da ke tsakaninmu da hanyar Kaoje, lokacin yashi ne kawai a ciki, ya ce in jira in ga fuskarsa ta damina. Na ce masa ni ba saniya ba ce da zan tsaya jiran ciyawa. Bai yi fushi ba. Ya yi murmushi ya kora shanunsa.

Shekara huɗu rafin yana yi mini kashedi. Yakan cika ya tare ni yini ɗaya ko biyu, in zauna gida in yi gyaran sarƙa, in ce hutu ne. A ta biyar, naƙuda ta kama innarka da hantsi, bayan an kwana biyu ana ruwa. Ba ta zo da sauƙi ba. Na hau keke zan ɗauko ungozoma. Ban yi nisa ba laka ta cushe tsakanin taya da ƙarfe, ƙafar keken ta ƙi juyawa. Na sauka na ƙwaƙule da itace, na hau, ta sake cushewa. A nan mai hankali zai jefar da keken a gindin itace ya ruga da gudu. Ni kuwa sai na saɓa shi a kafaɗa. Ka ji abin da ubanka ya yi. Matarsa tana tsakanin rai da mutuwa, shi yana tafe cikin laka da keke a wuya, don ba ya iya barinsa a daji. Wa zai sace shi? Ban ma yi tunanin sata ba. Hannuna ne ya ƙi saki.

Da na isa rafin ya kai wuya. Jodi ya ce mini daga baya da na riga haka kaɗan da na same shi a ƙugu, domin ruwan dutse a hankali yake gangarowa. Na zauna a gaɓa ina kallonsa har la'asar kafin ya yi sauƙin da zan ƙetare. Ungozoma tsohuwa ce, ta ce ko a kafaɗa zan ɗauke ta ba ta shiga wannan ruwa sai ya faɗa. Gaskiyarta. Sai washegari muka iso. Muka tarar innarka ta haihu ita kaɗai, ta yanke cibi da wuƙar girki. Ɗiya ce. Kwana biyu ta yi. Ni da Jodi muka yi mata salla, mu biyu, shi ne liman. Ita ce a gindin ɗorawar nan inda duwatsu suke jere.

Ban ce da na jefar da keken da ta rayu ba. Kwana na Allah ne, ba na jayayya da shi. Amma innarka ba za ta yini ta kwana ita kaɗai a cikin jini ba. Wannan kam ba zan ɗora wa ƙaddara ba.

Saboda haka kada ka yanke wa wuri hukunci da kaka. Da kaka ko'ina amarya ce. Kai a nan ka tashi, za ka ce ka san daminar dutse. Ka san ta da idon yaro mai murnar ƙwarin ruwa da kamun gina. Ba ka san ta da idon mai iyali ba. Ka kuma ƙirga mutanen da za su tsaya a bayanka in abu ya faru. In ba su cika sahu ba, wurin bai isa gida ba tukuna.

Da innarka ta yi arba'in ta ɗaure kayanta. Ba faɗa, ba kuka. Na fara halina, ina cewa mi ta rasa, ga hatsi a rumbu, ga nama, ga iska mai kyau, ba mai sa mata ido, ni ma ai a nan nake zaune. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce:

"Kai ba a nan kake zaune ba, Manu. A duniya kake zaune, nan kwana kake zuwa. Ni ce ke zaune a dutse."

Tun da na aure ta ba ta taɓa kiran sunana ba sai ran nan.  Abin da ya fito daga bakina shi ne, ga hanya nan, amma yaro nawa ne. Na ce ta hau kariya in kai ta. Ta ce ta gode, ƙafarta ta san hanyar. Haka muka tafi, tana gaba da ƙunshinta a kai, ina baya ina tura keke, tun safe har azahar. Ka san sauran. Tana Kaoje a gidan mijinta da ƙannenka, kuma na ji ana cewa ita ce mai ba da dariya a gidan suna. Ban san tana da ban dariya ba. In ka samu hali ka je ka nemi shawararta a kan wagga magana, ta fi ni saninta.

Za ka ce to mi ya hana ni sauka bayan haka. Da farko girman kai. Daga baya kuma na ce ai hanya ce ta riƙe ni, kuma wannan shi ne kuskure na huɗu, ko da yake bai kai sauran nauyi ba. Hanyar Segbana ita ce abincina, ita ce kuma abin sona. Da can ba abin da ke nuna ka shiga wata ƙasa sai wani dutse da aka kafa a cikin ciyawa, da kuma hannun tuƙi: a wajenmu hagu, a wajensu dama. Sau ɗaya na mance, ina kallon garken gwanki, sai ga babbar mota a gabana, na tsinci kaina a cikin sarƙaƙiya da daddawa a warwatse. Iyakar wahalar iyaka ke nan a lokacin. Yanzu mun samu mulkin kai, su ma sun samu nasu, kowa ya ɗaga tutarsa, alhamdu lillahi, na yi murna kamar kowa. Sai ga igiya a gicciye a kan hanya, da yara masu kaki suna tambayar takardar keke da takardar mai keke. Bara na buɗe musu baki, na ce ina bin hanyar nan tun suna tsotso. Keken ya kwana uku a rumfarsu, na dawo gida da ƙafa. Laifina ne, aikinsu suke yi. Kurmin nan kuma da muke ratsawa inda makwarwa ke yawa, ka ga yadda aka sare rabinsa aka zuba gyaɗa. Ba mai hana wannan. Kada ka kafa gida don hanya. Hanya ba ta kowa ba ce, wata rana a ɗaura mata igiya, wata rana a nome ta.

Yau in na shiga Kaoje ina sauka a gindin ceɗiya in tura. Dattawan duk sun rasu, waɗanda ke zama a wurin yanzu wasu na girme su. Suna kallona kamar mai taɓin hankali. Na gwada zama cikinsu sau biyu. Ban iya ba. Na saba magana ba a katse ni, na saba shiru ba a tambaye ni dalili. Daji yana yi wa mutum haka a hankali ba tare da ya sani ba.

Kada ka ɗauka ina yabon Lolo. Na san ta. Shimfiɗe take kamar faifai, ba inda za ka saki feda ka ji iska. Yashinta yana haɗiye taya, yana cin sarƙa. Sauronta sai ka rantse da sirdi ake hawansu. In gulbi ya kawo, shinkafar mutane takan tafi, wani lokaci har da katanga. Ko'ina ƙarnin kifi, kuma kafin ka sauke tukunya maƙwabta sun san abin da ke ciki. Surukinka mutumin kirki ne, amma suruki suruki ne, za ka haɗiye maganganu da yawa, kai kuma maƙogwaronka irin nawa ne. Za a yi ranakun da za ka zauna a rumfa kana liƙa facin kekunan wasu, ka ɗaga kai ka duba kudu, ranka ya yi baƙi. Ban ɓoye maka ba.

Amma ka duba wannan. In ka zauna a Lolo, dutse yana nan, yini guda ne a gare ka, ka hau ka zo ka gangara har birki ya yi zafi, ka koma. In ka zauna a dutse, Atine ba ta da abin da za ta hau ta sauka.

Wata huɗu ta yi a gidan nan. Ni surukinta ne, tsakaninmu gaisuwa ce daga nesa, amma ina da ido. Da ta zo tana waƙa in tana daka. A wata na biyu ta daina. A na uku na ji ta tana ba kaji labari, labari sosai, da sunayen mutane. Ranar kasuwar Lolo kuma takan tsaya a bakin danga tana kallon hanya, alhali ta san ba mai zuwa. Kai ba ka gani ba, kana kan keke. Ni na gani, domin a daidai wurin innarka take tsayawa. Na gani kuma duk da haka na ce maka abin da na ce ranar tafiyarku, saboda ina son ka zauna kusa da ni. Ka auna irin uban da kake neman shawararsa.

Kada ka tambaye ta ina take so. Za ta ce duk inda ka ce, haka aka koya mata, kai kuma ka ɗauka ta yarda. Ka dube ta kawai a gidansu. Ka ji sau nawa take dariya kafin azahar.

Ga amsata, tunda ka nema. Ka karɓi filin. Ka karɓi rumfar. Ka zauna a Lolo. Ka yi ginin a kan tudu, ka tambayi tsofaffin masunta iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, in sun nuna maka ka ƙara gaba, kuma kada ka yi musu da su. Ka riƙa wanke sarƙa saboda yashi. Ka sake robar birkin baya, na ga ta cinye tun kafin ku tafi, fushi ya hana ni gaya maka. In ka iso inda manya ke zaune ka sauka, ko da buhu goma ne a bayanka. In ka ji magana ta taso maka daga ciki da zafi, ka fita ka zaga gari ka dawo.

Abu ɗaya ya rage, gara ka ji daga gare ni kafin mai goro ya kai maka. Washegarin tafiyarku na fara buga tubali a saman gangaren nan, inda ka ce kana so. Kullum ina yi har rana ta yi zafi, ni ke ɗebo ruwan da kaina. Sun isa ɗaki guda har da rabin katanga. Yau da safe na tsaya. Kada wani ya ba ka labarinsu ka ji tausayi ka ce za ka dawo. In ka dawo don su, ni da kaina zan farfasa su a gabanka. Ka bar su inda suke. Damina za ta zo ta mayar da su ƙasa.

In ka zo ziyara ka zo da rani, ka zo da ita in tana so, in ba ta so kada ka tilasta mata. Ni ma in an kwashe gero zan gangaro in gan ku. Ka gaya wa surukinka baƙo ne mai kaifin baki, amma kwana biyu kawai zai yi.

Allah Ya tsare ka a tudu da gangare, Ya kiyaye ka daga ruwa da ƙaya da mugun ji da mugun gani. Allah Ya sa albarka a inda za ka haƙa tushe, Ya ba ku maƙwabta na gari, Ya cika gidanku da muryoyi. Allah Ya ba ka haƙurin innarka. Ka yi mini addu'a in ka tsaya a sahu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Manu, Tungar Dutsi.